Ɗan Yaye a Gidan Mai-bi

Ya kai mai-karatu, ko ka rigaya ka karɓi baftisma, ko kuwa kana bakin ƙofa tukuna kana bincike, idan Allah ya ba ka ɗa wanda ya fara tafiya amma bakinsa bai buɗe sosai ba, wannan takarda dominka ce, da kai da matarka. Ku karanta ta tare. Idan ɗayanku bai iya karatu ba, ɗayan ya karanta masa a hankali.

Sababbin masu-bi da yawa su kan ce a ransu, yaron ƙanƙane ne, bari ya yi wayo tukuna, kāna mu koya masa hanyar Ubangiji. Wannan kuskure ne. Tun shekara ta 1932 aka buga Littafi Mai-Tsarki dukansa da Hausa, tun zamanin Turawa kuma 'yan mishan na SIM suka zauna a Roni suka buɗe makarantar yara maza. Amma ɗan shekara 2 ba shi karanta littafi, ba kuwa makarantar da za ta ɗauke shi. Abin da ya ke karantawa shi ne fuskar uwarsa da hannun ubansa. Kafin ya san sunan Yesu Kristi, ya rigaya ya san ko mutanen gidansu masu-haƙuri ne ko masu-fushi, ko maganarsu ta kan tabbata ko ba ta tabbata. Domin wannan, ku riƙa ajiye shi kusa da ku sa'anda ku ke aikinku, gama a nan ne koyarwarsa ta ke.

Mu fara da yaye. A ƙasar Kazaure, kamar sauran ƙasar Hausa, an saba a shafa wa nono abu mai-ɗaci rana ɗaya, a ɗauki yaro a kai shi wurin kakarsa a wani ƙauye. Kakanni suna yin wannan da ƙauna, kada kowa ya raina su. Amma yaron da ya rasa nono da uwa a yini guda ya kan ƙi abinci, ya rame, wani har tamowa ta kama shi. Masana lafiya suna koya mana a ba jariri nono zalla wata 6, a ci gaba da shayar da shi tare da abinci har shekara 2 ko fiye. In lokacin yaye ya yi, a rage masa kaɗan kaɗan, ana ƙara kunun gyaɗa da faten wake da ƙwai. Ka buɗe Littafin Sama'ila na fari, sura 1. Za ka ga Hannatu, wadda ta roƙi ɗa da hawaye ta kuma yi wa'adin ba da shi ga Ubangiji, ba ta yarda ta rabu da shi ba sai da ta gama shayar da shi. Har tafiyar sujada ta shekara zuwa Shilo ta bari saboda shi, mijinta Elkana kuwa bai tsauta mata ba. A Farawa sura 21 kuma Ibrahim ya yi babban biki ranar da aka yaye Ishaku. Ranar murna ce a gidansa.

Ga wata magana a nan ga wadda ɗanta na fari ne. Kunya ado ce ga mace, ba mu ce ki yar da ita ba. Idan ba ki iya kiran sunansa a gaban surukai, ki bari. Amma cikin ɗaki ki ɗauke shi, ki yi masa wasa, ki yi masa dariya, gama shi bai san al'ada ba, abin da ya sani kaɗai shi ne uwarsa ta juya masa baya.

Wannan Hannatu, bayan da ta kai Sama'ila wurin Eli, kowace shekara ta kan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa, kamar yadda sura 2 ta nuna. Ki yi tunani a kan wannan. Ba ta ganinsa sai shekara shekara, duk da haka tana ƙiyasta tsawonsa a zuciyarta, tana yanka tana ɗinkawa. A ƙasarmu tun dā ɗinki aikin maza ne, mata kuwa kaɗi su ke yi, shi ya sa mata da yawa ba su taɓa riƙe allura ba. Ke 'yar'uwa, kada ki ji tsoronta. Ki nemi allura da zare da almakashi, da tsohon zane wanda ya mutu a tsakiya amma gefensa da sauran ƙarfi. Ki fara da kalmasa: ki naɗe bakin ƙyallen sau 2, ki danne da farce, ki bi shi da ƙananan ɗinki kusa da juna. Kada zaren ya wuce kamu ɗaya, gama dogon zare ya kan harɗe, mai-koyo kuwa ta yi fushi ta jefar. Sa'anda hannunki ya faɗa, ki koyi maho, bayansa ki yanka 'yar taguwa. Ki yi ta da yalwa, ki bar kalmasar ƙasa da faɗi domin ki kwance ta baɗi, gama ɗan yaye ba shi jiran riga.

Ɗinkinki na fari zai karkace. Ki sa masa hakanan. Shi ba zai duba layin zare ba, amma ya zauna kusa da ke kwana da kwanaki yana ganin kina warware abin da ya ɓaci kina sakewa ba da zagi ba, wannan kuwa zai zauna a cikinsa. Ki ba shi guntun ƙyalle ya riƙa naɗewa yana kwaikwayonki. Allura kuwa, in kin tashi, ki soke ta a tsumma ki rataye inda hannunsa ba ya kai; kada ki soke ta a tabarma ko a bakin zanenki. Maɓalli kuma a ɗinke shi da ƙarfi, gama duk abin da ya tsinke bakinsa zai nufa. Kai ma, maigida, ɗaukar allura ba abin kunya ba ne gare ka. Manzo Bulus da hannunsa ya ke ɗinkin tanti a Koranti. Ka duba gidan sauron da yaron ke kwana ciki, kowace ƙofa da ta ɓule ka ɗinke ta kafin ruwan fari ya sauka. Idan kuwa hannun matarka ya gwanance, ta tuna da Dokas ta Yafa, wadda gwauraye suka nuna wa Bitrus tufafin da ta ɗinka suna kuka. Akwai marayu a unguwarku, ko na masu-bi ko na waɗansu.

Aikin fari da Allah ya ba mutum, tun zunubi bai shigo ba, shi ne noman gonar Adnin da tsaronta. Gonar gero da dawa da gyaɗa tana nesa, aikinta kuwa ya fi ƙarfin ƙaramin yaro. Amma a bayan ɗaki ba a rasa wuri taki 5 ko 6 inda za a yi garka. Ƙasar wajen Gwiwa jigawa ce a wurare da yawa, ba ta riƙe ruwa, sai a ƙoshe ta da kashin awaki da toka da sharar gida da ta ruɓe. Ka kewaye da kara ko ƙaya tun ba ka shuka ba, gama akuya ba ta san Lahadi ba. Ka shuka kuɓewa da rama da yakuwa da alayyafo, kabewa kuma a gindin danga ta hau. A kusurwa ka kafa reshen zogale. Ya kan kama da sauri, ganyensa kuwa in an dafa an kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ko an zuba a miya, abinci ne mai-gina jikin yaro. Da rani ruwan ɗauraye kwanuka ya isa ya raya shi.

Ka ware wa yaron kunya ɗaya ƙarama, ka sa masa ƙwayar wake a hannu, ka nuna masa rami, ya jefa, ya rufe da ƙafarsa kamar yadda ya ga kana yi. Ka tsaya a kansa, kada ya cusa ƙwayar a hanci. Wake ba shi daɗewa, cikin kwana 4 ko 5 ya tsiro. Watakila kafin nan yaron ya tone ya ga abin da ke ciki, watakila kuma ranar da ya tsiro ya tumɓuke shi ya kawo maka da murna. A nan ne za a gwada bangaskiyarka, ya ɗan'uwa. Hannunka zai so ya tashi. Ka tuna Bulus ya gargaɗi ubanni a Afisawa sura 6 kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi. Yaron bai yi mugunta ba, kyauta ya kawo maka. Ka karɓa, ka nuna masa saiwar, ka gaya masa Allah ne ya fito da ita, ku sake shuka wata. Horo yana da lokacinsa, sa'anda ya yi taurin kai da gangan, ko ya nufi wuta ko rijiya. Amma uban da ke dūka saboda tsiron wake, me zai yi ranar babban laifi? Maganin ƙwari da takin zamani kuwa a kulle su, kada kuma a zuba ruwan sha a galan ɗin da ya taɓa ɗaukarsu.

Haka kuma kada ku tsorata shi da dodo, kada ku ce za ku sayo masa abu a kasuwa alhali ba ku da niyya. Ƙarya ce, ko da ƙanƙanuwa. Bakin da ya gaya masa akwai dodo a bayan rumbu, shi ne zai gaya masa akwai Uba a sama, yaya zai rarrabe?

Sa'anda damina ta zauna, ƙasa ta yi kore, kada ku kulle shi a gida. Musa ya umurci Isra'ilawa a Kubawar Shari'a sura 6 su riƙa yi wa 'ya'yansu zancen dokokin Allah a zaune cikin gida da kuma a kan hanya. Ku tafi da shi bakin gona da sassafe, ku tafi da shi sujada ranar Lahadi, ko da zai yi ta motsi. Ubangijinmu da kansa ya ji haushin almajiransa sa'anda suka hana a kawo masa yara, ya rungume su ya sa musu albarka, kamar yadda Markus ya rubuta a sura 10. In hali ya yi, ku kai shi ya ga duwatsun Roni, ko ruwan madatsar Kazaure daga nesa. Kai uba, ka saɓa shi a wuya, ka sauke wa matarka goyo. Ka bar shi ya taka da ƙafarsa inda hanya ta yi kyau, ko da tafiyar za ta yi tsawo, gama zai tsaya wurin kowace tururuwa. Ka faɗa masa sunan abin da ya nuna: wannan kuka ce, wannan balbela, wannan gajimare. Ka ƙara da cewa Allah ne ya yi su. Wa'azin ɗan yaye ke nan, bai fi haka ba.

Amma damina tana da haɗarinta. Ruwan da bai kai gwiwar babba ba ya isa ya cinye ƙaramin yaro, ba kuwa za a ji kukansa ba; kada a bar shi a bakin kududdufi a hannun yayarsa 'yar shekara 6. Wanka a ruwan tafki kuma shi ke kawo tsargiya, watau fitsarin jini. Ku ɗauki tafasasshen ruwa daga gida, ku komo kafin almuru, lokacin da sauro ke tashi. Tun shekara ta 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata wata a cikin damina, a ƙasashe irin namu, ma'aikatan lafiya kuwa su kan bi gida gida da shi a Jihar Jigawa. In sun yi sallama ku karɓe su da mutunci, ku cika kwanakin shan maganin yadda suka faɗa. Idan jikin yaro ya yi zafi, ku yi addu'a, ku kai shi asibiti a ranar a gwada jininsa. In ya fara taune-taune, kada ku tsaya jin masu-cewa iska ce. Zazzaɓi mai-tsanani ya kan yi haka, jinkiri kuwa shi ke kashewa.

Saura magana mai-wuya. Ranar da kuka kai shi gaida kakarsa, watakila ku komo ku tarar da laya a wuyansa ko guru a ƙugunsa. Mai-bi ba shi dogara ga waɗannan, gama ya danƙa ɗansa a hannun Yesu Kristi, ba ya kuwa raba amanarsa biyu. Amma ka san abin da ya sa tsohuwar ta ɗaura. Mai-yiwuwa ta binne 'ya'ya da hannunta, tana tsoron baki da maita, ta kuma sayar da kazarta ta biya. Kada ka tsinke layar a gabanta ka jefar, kada kuma ka sa matarka ta yi maganar, gama ba ya kyautuwa suruka ta ja da uwar mijinta. Kai ne za ka tafi. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce, Inna, na ga abin da kika ɗaura wa jikanki, na kuwa san ƙauna ce ta sa. Amma mun ba da shi ga Allah ta hanyar Yesu, ba za mu iya barinsa da wannan ba. Ga shi na mayar miki, ki sa masa albarka da bakinki. Watakila ta yi fushi, ta ce in wani abu ya same shi alhakinsa a wuyanka. Ka yi shiru, kada ka yi mata alkawarin cewa ɗan mai-bi ba shi ciwo, gama ba a yi mana wannan alkawari ba. Kada ka daina kai mata shi. Ranar da kuɓewar garkarku ta yi, ka sa 'yar kaɗan a ƙoƙo, ka ba yaron ya miƙa mata da hannunsa, sanye da taguwar da uwarsa ta ɗinka.