Rufin asiri ba ya rufe zalunci ga almajiri

 

Ya ƴan'uwa, da an gama girbin hatsi a ƙasar Tasawa da Mayahi, iyaye kan damƙa yaransu ga malam ya tafi da su cirani, wasu cikin Maraɗi, wasu har Katsina da Kano. Yaron nan amana ne, kuma sau da yawa ba malam ke kwana da shi ba, gardi ne.

A watan Satumba na 2019 ƴan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, wasu suka ce an yi lalata da su. Wata guda bayan haka aka ga irinsa a Daura, nan kusa da mu. Gidajen nan cikin unguwa suke, da maƙwabta. Me ya rufe bakuna?

Mu ƴan ɗariƙa an tarbiyyantar da mu kan ladabi ga malamai da suturta aibin Musulmi, shi ya sa harshenmu ke nauyi. To amma sutura ta mai laifi ce tsakaninsa da Ubangijinsa. Inda ake cutar da wani, kuma cutar ba ta tsaya ba, shiru taimakon azzalumi ne. Imamu Gazali a Ihya'u, da Imamu Nawawi bayansa, sun lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum ba ya zama giba haramtacciya. Ciki akwai kai ƙarar zalunci da neman taimako don kawar da ɓarna. Ko bulalar ladabtarwa, Ibnu Sahnun na Ƙairawan, Bamalike irinmu, ya ƙayyade ta: kada ta wuce 3 kan karatu. Ina wannan, ina ɗaure yaro?

Idan kolo ya kawo maka kuka, kada ka ce ya yi wa malam ƙarya, kada ka tara jama'a a kansa. Ka saurare shi a keɓe, ka raba shi da wanda yake tsoro tun daren nan, ka kai shi likita, ka sanar da iyayensa. In fyaɗe ne ko rauni, ba maganar sulhu a zaure ba ce, ko da mai gari ya roƙa. Ta jandarma ce ko ƴan sanda da alƙalin yara. Muƙaddami ya raka iyayen da ƙafarsa, domin talaka shi kaɗai yakan ji nauyin shiga wurin hukuma.