Daga Adabka Zuwa Dandalin Eagle: Yadda Mai Neman Shugabancin Ƙasa Ke Shiga Zaɓen Fid Da Gwani

Ranar 25 ga Fabrairu 2023, wani kawuna da ke noma a gefen Adabka ya fito daga rumfar zaɓe yana goge tawadar babban yatsansa a jikin riga. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗana, takardar ga da anka ba mu, ban ga sunan mutum ko guda ba. Tsintsiya, lema, kwando, sai wasu zane-zanen da ban san da su ba. To su mutanen da ka bayan zanen, wa ya aza su?"

Na ce, "Kawu, ai wannan tun watan Yunin bara aka gama shi."

Jam'iyyu 18 ne a kan takardar da ya dangwala wa, kuma kowace sai da ta yi tankaɗe da rairaya kafin ta tsayar da mutum ɗaya. Majalisa takan taɓa dokar zaɓe kusan duk zagaye, don haka zan kafa misali da yadda aka yi a 2022, ƙarƙashin dokar da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairun shekarar.

Abu na farko shi ne katin jam'iyya. A Nijeriya babu ɗan takara mai zaman kansa. Komai farin jininka, sai jam'iyya ta goya ka. Katin kuwa a mazaɓa ake yankarsa. Adabka mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Bukkuyum, ɗaya daga cikin 147 na Zamfara, ɗaya daga cikin 8,809 na ƙasa baki ɗaya, kuma duk wani babban mutum da ake gani a talabijin yana da irinta inda sunansa ke cikin rajista. Dokar 2022 ta ce jam'iyya ta miƙa wa hukumar zaɓe, INEC, wannan rajista kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani. Kada ka raina shugaban jam'iyya na mazaɓa don ofishinsa shago ne mai benci biyu da kodaɗɗiyar tuta. Dakatarwar da aka yi wa Adams Oshiomhole a mazaɓarsa ta jihar Edo ita ce ta bi shi har kotu, ta raba shi da kujerar shugaban APC na ƙasa a 2020.

Daga nan sai sharuɗɗan tsarin mulki. Sashe na 131 ya ce mai nema ya kasance haifaffen ɗan Nijeriya, ya kai shekara 35, ya kuma yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare ko makamancinsa. Da shekara 40 ne, a watan Mayun 2018 aka rage don a buɗe wa matasa ƙofa. Kalmar nan "makamancinsa" faɗi gare ta kamar rigar aro, domin sashe na 318 ya shigar da har mai takardar firamare, in dai ya yi aiki na shekara goma, ya halarci kwasa-kwasai, yana kuma iya karatu da rubutu da magana da Turanci yadda hukumar zaɓe za ta gamsu. Duk da wannan sauƙi, takardar makaranta ta fi komai jawo rigima. Masu shekaru za su tuna yadda aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan ta Buhari a farkon 2015, har sai da tsohuwar makarantarsa ta Katsina ta fito da sakamakonsa. Sashe na 137 kuma ya jera waɗanda aka haramta wa: wanda aka riga aka zaɓa sau biyu, da ɗan ƙungiyar asiri, da wanda kotu ta tabbatar da taɓin hankalinsa ko karayar arzikinsa, da wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara goma da suka wuce, da wanda ya kai wa hukumar zaɓe takardar jabu.

Duk wannan, malamin firamare a Gummi zai iya cika shi. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin fom.

Fom iri biyu ne. Akwai na nuna sha'awa, akwai na tsayawa takara, kuma sai an haɗa su. A 2022 APC ta sa naira miliyan 30 a na farko, miliyan 70 a na biyu, jimilla miliyan 100. PDP ta sa miliyan 5 da miliyan 35, wato miliyan 40. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Ma'aikacin ƙaramar hukuma a Anka da ke kan wannan albashi, ko da bai ci ba bai sha ba, sai ya yi shekara 277 yana tari kafin ya haɗa kuɗin fom ɗin APC. An yi wa mata da masu buƙata ta musamman da matasa rangwame, amma rabin abin da ba ka da shi, ai har yanzu ba ka da shi. Kuma farashin hawa yake yi kamar na buhun gero a watan Yuli: a 2014 miliyan 27.5 ne, Buhari da bakinsa ya ce rancen banki ya ci ya biya. A 2018 ya koma miliyan 45. Jam'iyyu suna cewa da kuɗin suke gudanar da harkokinsu, kuma tsadar tana kore 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa. Ni dai abin da na gani shi ne ta kore kowa sai masu hannu da shuni da waɗanda masu hannu da shuni suka ɗauki nauyinsu.

A nan ne aka ƙirƙiro wata al'ada mai ban dariya, ta "magoya baya sun saya masa". Sai ka ji wata ƙungiyar da jiya ba a san da ita ba ta yi karo-karo ta haɗa miliyan 100. A 2022 an saya wa tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan fom ɗin APC da sunan wasu ƙungiyoyin Arewa, ya ce ba da yawunsa ba. An saya wa Godwin Emefiele, yana kan kujerar gwamnan Babban Banki, da sunan manoman shinkafa da wasu. Dukansu biyun babu wanda ya kai ga akwatin zaɓe.

Sayen fom ma ba shi ne ƙarshe ba, sai an cike an mayar kafin wa'adi. A ciki akwai tarihin rayuwa, da kwafin takardun makaranta, da shaidar haihuwa, da rantsuwar kotu, sannan da shafukan da 'yan jam'iyya daga jihohi za su sa hannu cewa sun amince da mai nema. Wannan ne ke nuna ko mutum yana da jama'a a wajen jiharsa, ko kuwa giwar gida ce kawai. Fom ɗin APC na shekarar har da wata takarda ta janyewa don raɗin kai, abin da ya sa wasu masu nema suka yi ta gunaguni cewa an ba su wuƙa su riƙe wa mai yanka su.

Mai riƙe da muƙamin naɗi kuma sai ya ajiye. Sashe na 84(12) na dokar zaɓen 2022 ya hana minista ko kwamishina ko mai ba da shawara ya yi zaɓe ko a zaɓe shi a taron fid da gwani yana kan kujera. A tsakiyar Mayun 2022 Buhari ya ce duk ministan da ke da buri ya sauka. Rotimi Amaechi da Godswill Akpabio da Ogbonnaya Onu suka sauka. Wasu, irin su Chris Ngige, da suka auna tsuntsun hannu da na sama, sai suka fasa takarar suka koma ofis.

Sai tantancewa. Uwar jam'iyya takan kafa kwamitin dattawa, mai nema ya zo da takardunsa na asali ya zauna a gabansu, a yi masa tambayoyi a kan ɗan ƙasancinsa, da tarihinsa a jam'iyya, da ko zai bi wanda ya yi nasara in ya faɗi. Na PDP, David Mark ne ya jagoranta. Mutum 17 aka duba, aka wanke 15. Na APC, John Odigie-Oyegun ne, mutum 23 suka bayyana. Kwamitinsa ya so a taƙaita su zuwa 13, amma doka ta hana jam'iyya ƙara wani sharaɗi a kan na tsarin mulki, don haka duk aka bar su. Wanda ya tsallake nan ya karɓi takardar shaida, sunansa ya hau takardar zaɓen fid da gwani. Cikin 23 ɗin akwai namu na gida, Ahmad Sani Yariman Bakura, gwamnan Zamfara daga 1999 zuwa 2007, wanda kuma ya yi shekara 12 yana sanatan Zamfara ta Yamma, shiyyar da ta haɗa Anka da Gummi da Bukkuyum da Bakura da Maradun da Talata Mafara.

To su wa za su zaɓa? Dokar 2022 ta ba jam'iyya hanya uku. Akwai 'yar tinƙe, wadda wasu ke kira ƙato bayan ƙato, inda duk mai kati zai fito a mazaɓarsa. Akwai ta deliget. Akwai kuma maslaha, amma da sharaɗin kowane mai neman da aka tantance ya rubuta da hannunsa cewa ya janye ya bar wa wane. Wannan sharaɗi ne ya ƙi ba da haɗin kai ranar 6 ga Yuni, lokacin da shugaban APC Abdullahi Adamu ya ambaci Ahmad Lawan a matsayin ɗan maslaha: gwamnonin Arewa suka ce ba su san zancen ba, sauran masu nema ba su sa hannu ba, maganar ta bi ruwa.

Manyan jam'iyyun biyu deliget suka bi, kuma a shekarar an yi wani abin da ba a saba ba. Yadda aka rubuta dokar, zaɓaɓɓun deliget kaɗai ke da ƙuri'a. Gwamnoni da 'yan majalisa da shugabannin jam'iyya, waɗanda a da muƙaminsu ke ba su dama, sai kallo. Majalisa ta yi gaggawar gyarawa, Buhari bai sa hannu ba kafin lokaci ya ƙure. APC ta ɗauki mutum uku daga kowace ƙaramar hukuma cikin 774. Zamfara mai ƙananan hukumomi 14 ta samu 42. Anka da Gummi da Bukkuyum, da duk ɗimbin jama'arsu, mutum tara. A PDP ma ɗaya-ɗaya ne daga kowace ƙaramar hukuma.

A takarda, taro ake yi a zaɓi waɗannan mutane. Wanda ya taɓa zuwa irin taron ya san yadda yake kasancewa. Jama'a su taru a harabar sakatariya tun hantsi, masu babura su jeru a inuwar darbejiya, mai fura ya yi ciniki. Can bayan azahar mota ta iso daga Gusau, wani mai babbar riga ya fito da takarda a aljihu, ya karanta suna uku, ya ce an amince? A ce an amince. A tafa, a watse. Sunayen tun daren jiya aka rubuta su a falon wani jigo. Shi ya sa mai neman shugabancin ƙasa, in ya zo zawarcin deliget, ba ya wahalar da kansa da hanyar Daki Takwas. Gidan gwamnati yake sauka, a tara masa su a ɗaki ɗaya.

A Abuja, deliget sarki ne na kwana uku. Otal, abinci, da wayar da ba ta daina ƙara. Maganar daloli ta yi yawa a shekarar har jami'an EFCC suka bayyana a wuraren taron. PDP ta yi nata ranar 28 ga Mayu a filin wasa na Moshood Abiola: Aminu Waziri Tambuwal ya hau mumbari ya janye wa Atiku Abubakar, Atiku ya samu 371, Nyesom Wike 237. APC ta yi nata a Dandalin Eagle, aka kwana ana jefa ƙuri'a, aka ƙirga ranar 8 ga Yuni: Bola Tinubu 1,271, Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235, Lawan 152. Yariman Bakura, wanda jiharsa ta je da mutum 42, ƙuri'a 4 ya samu.

A ƙarƙashin dokar 2022, duk wannan sai jami'an INEC na wurin suna kallo, bayan an ba su sanarwar aƙalla kwana 21. Sannan jam'iyya ta miƙa sunan gwaninta da na mataimakinsa, tare da takardunsu na rantsuwa, kwana 180 kafin babban zaɓe. Mai neman da ya ga an yi masa ba daidai ba yana da kwana 14 ya garzaya Babbar Kotun Tarayya.

Abin da kan faru idan aka tsallake mataki, ba Bazamfare za a ba labari ba. A 2018 rikici ya ɓarke a APC tsakanin Gwamna Abdul'aziz Yari, mai son kwamishinansa Mukhtar Shehu Idris ya gaje shi, da gungun masu nema irin su Sanata Kabiru Marafa da mataimakin gwamna Ibrahim Wakkala. Wa'adin 7 ga Oktoba ya cika, INEC ta ce ba a yi zaɓen fid da gwani ba. Wata kotu a Gusau ta ce an yi, aka sa jam'iyyar a takarda, ta kuma lashe komai. Ranar 24 ga Mayu 2019, saura kwana biyar a rantsar da gwamna, Kotun Ƙoli ta ce duk ƙuri'un APC na Zamfara asara ce, tunda ba ta da halastattun 'yan takara. Mukhtar mai ƙuri'a 534,541 ya koma gida, Bello Matawalle na PDP mai 189,452 ya zama gwamna. Kujerun sanata uku, na wakilai bakwai, na majalisar jiha 24, duk suka tafi. Kujerar sanatan shiyyarmu, wadda Yari da kansa ya ci, Lawali Hassan Anka ne ya hau ta. A 2022 ma sau biyu kotu a Gusau tana soke zaɓen fid da gwanin da ya ba Dauda Lawal takarar gwamna a PDP, sai a kotun ɗaukaka ƙara ya sha.

Muna kan babur muna komawa gida na gama yi wa kawu wannan lissafi. Ya yi shiru har muka wuce gonarsa. Can ya taɓa kafaɗata.

"Mutum ukku kac ce, duk Bukkuyum?"

"Uku, Kawu."

"To in an tashi rabon deliget ɗin ga, ɗana, ka hwaɗa masu ina nan."