Darasi: Sa'ad da Kwamfutar Ƙungiya Ta Yi Shiru

Darasinmu na wannan wata ya bar gona ya shiga ofis, amma ya shafi aljihun ƙungiya.

Cikin kakar da ta wuce mun je wani ƙauye domin mu nuna majigi a kan ajiyar wake cikin buhu mai riɓi uku, wanda ake kira buhun PICS. Maza da mata suka bar sussuka, suka cika ɗakin taro. Aka ta da janareto, aka kunna tsohuwar kwamfutar ƙungiya, hoto ya fito sarai. Ga mutum yana ɗaure bakin leda, bakinsa yana motsi, amma ko tari ba mu ji ba. Yawancin waɗanda suka zo ba sa karatu, saboda haka maganar ita ce darasin. Wata uwa ta tambaya ko ledojin nan biyu tare ake ɗaure su, muka amsa mata da baki cewa ɗai-ɗai ake yi. Kafin a watse, ma'aji ya riga ya kawo shawara a taɓa kuɗin taki a sayi sabuwar kwamfuta. Washegari muka zauna a natse, sai muka tarar wayar lasifika tana cikin kafar da ba tata ba. Yaron da ya share ofis ne ya zare ta, ya mai da ita inda ya ga dama.

Mai noman rani, idan ruwa bai iso fangalinsa ba, ba ya fara da kwance injin ban ruwa. Yakan bi tiyo daga bakin fangali, ya duba ko ya lanƙwashe ko ya huje, har ya kai ga inji. Haka za mu bi sauti: daga lasifika mu koma baya zuwa cikin akwatin kwamfuta. Mu riƙa canja abu ɗaya, mu gwada, kana mu taɓa na biyu. Wanda ya taɓa abu biyar a lokaci guda, ko sauti ya dawo ba zai san abin da ya gyara ba.

Lasifika da wayarta

Yawancin lasifikan kwamfuta suna bukatar wutarsu dabam, ko daga soket ko daga kafar USB. Mu duba ko 'yar fitilarsu tana ci, mu murɗa maɓallin ƙara murya. Sa'an nan mu zare wayarsu daga kwamfuta mu sa ta cikin wayar hannu mai irin wannan kafa, mu kunna waƙa. Idan sun yi magana, laifin ba nasu ba ne. In sun yi shiru, mu ari iyafis mu sa a kwamfuta. Muka ji sauti a kunne, to, kwamfuta lafiyarta ƙalau, lasifika ce ko wayarta ta mutu. Wannan gwaji ba ya cin kwabo, ya kuwa raba mana matsalar gida biyu.

Idan gefe ɗaya kaɗai ke magana, ko sauti yana zuwa yana ɗaukewa sa'ad da muka motsa waya, galibi wayar ta tsinke daga ciki kusa da kanta, ko kuwa ɓera ya ɗanɗana ta. Mai gyaran rediyo na kasuwarmu ya iya wannan aiki.

Kafofi uku masu launi

A bayan akwati akwai 'yan kafofi zagayayyu, faɗin kowace milimita 3.5. Tun wajen 1999 masu ƙera kwamfuta suka daidaita launinsu. Koriya ita ce ta lasifika. Mai ruwan hoda ta makirufo ce. Shuɗiya tana karɓar sauti daga wata na'ura zuwa ciki. Duka girmansu ɗaya, don haka waya takan shiga kowace ba gardama, mutum kuma yana laluba a bayan tebur cikin duhu. Mu haska tocila, mu tura waya cikin koriya har ƙarshe.

Akwai kuma kafar iyafis a gaban akwati. A kwamfutoci da yawa, da zarar an sa wani abu a kafar gaba, ta baya takan yi shiru. Ƙurar hunturu idan ta cika kafar gaba, ko ƙarfen cikinta ya lanƙwashe, kwamfuta takan ɗauka an sa iyafis alhali ba kome a wurin. Mu kashe wuta, mu hure ƙurar, mu sa kan waya mu zare sau biyu ko uku. Kada a zura allura ko ƙusa.

Ga wani abin da yakan ruɗe mu ranar majigi. Wayar nan mai shuɗin kai da ƙusoshi 15, wadda ake kira VGA, hoto kaɗai take ɗauka. Wanda ya haɗa kwamfuta da talabijin da ita, tilas ya ja wayar sauti dabam. Wayar HDMI kuwa tana ɗaukar hoto da sauti tare, ita ma da nata tarko, gama kwamfuta takan tura sauti ta cikinta zuwa allon da ba shi da lasifika.

Abin da allo ke faɗa

A Windows, can ƙasa ta hannun dama kusa da agogo, akwai hoton lasifika. Mu fara duba ko an rufe murya ko an rage ta ƙasa. Manhajar da ke nuna majigin, kamar VLC, tana da nata ma'aunin murya, shi ma a duba. Bayan haka mu ga wace hanya kwamfuta ta zaɓa. A Windows 7, mu danna hoton da maɓallin dama na linzami, mu zaɓi "Playback devices". Wadda ke da koriyar alama ita ce ke karɓar sauti. In alamar tana kan talabijin ko allo, mu mai da ita kan lasifika. A Windows 10, danna hoton sau ɗaya yakan nuna sunan hanyar a bisa ma'aunin murya, daga nan ake canjawa.

Idan muka ga jan gicciye a kan hoton lasifika, ko dai ba a sa waya ba, ko kwamfuta ba ta gane kayan sautinta ba. Tsakanin Windows da kowane sashe na akwati akwai wata ƙaramar manhaja mai tafinta, masu gyara suna ce mata direba. Sau da yawa takan ɓace bayan an kai kwamfuta gari an wanke ta an zuba sabon Windows. A wurin da ake kira "Device Manager", alama rawaya mai kusurwa uku tana nuna sashen da ba shi da direba. Mu kwafi lambar samfuri da ke manne a jikin akwati, a ɗauko direba daga shafin kamfanin da ya ƙera ta kaɗai. Muna jaddada wannan domin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairu 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar kyauta ga Windows 10 a Oktoba 2025. Tsohuwar kwamfuta da ta shiga shafukan banza neman direba tana iya kwaso cuta, ga kuma lissafin bashin membobi a cikinta. A fara kwafe lissafin a filashi.

Sauti yana fita amma ba daɗi

Gurnani mai ci gaba ba yankewa, daga wuta yake zuwa. Yakan faru sa'ad da muka ari amfilifayar coci muka sa ta a wani soket, kwamfuta kuma a wani. Mu haɗa su kan soket guda. Kada kowa ya karya ƙafa ta uku ta filogi don ya kashe gurnani, ita ce ke kare mai taɓa akwati daga jan wuta. Idan murya tana fashewa, mu duba ko an sa wayar kwamfuta a kafar makirufo ta amfilifaya, gama sautin kwamfuta ya fi ƙarfin wannan kafa. A nemi wadda aka rubuta AUX ko LINE. Ƙara irin ta gyare da ke zuwa jim kaɗan kafin kira ya shigo, wayar hannun wani ce a kusa da lasifika.

In duk wannan bai yi ba, mai yiwuwa sashen sauti na cikin akwati ya ƙone, wataƙila tsawar damina ce ko janareto ya yi tashin hankali. Har yanzu ba mu kai ga sayen sabuwa ba. Akwai wata 'yar na'urar sauti kamar filashi, da kafofinta na lasifika da makirufo, ana sa ta a kafar USB, Windows yakan gane ta da kansa. Kuɗinta bai kai ko kusa da na buhun taki ba. Buɗe akwati mu bar wa mai gyara, musamman ƙaramin akwatin wuta na ciki, wanda yakan riƙe wuta ko bayan an zare filogi.

Aikin sakatare kafin taro na gaba: ya naɗa ɗan koren zare a wayar lasifika, ya zana bayan akwati a takarda da inda kowace waya take shiga, ya manna a bango. Ana gobe majigi, ya kunna shi da janareton da za a yi amfani da shi, ya koma bencin ƙarshe ya saurara.