GAIWA: KIFIN DA KE KWANA CIKIN ƘASA

A littafin nazarin halittu ɗalibanmu sun saba ganin hotunan kifaye masu launi na tekun murjani, alhali yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba. To, ga wani kifi a ƙofar gidanmu wanda ya fi waɗancan ban mamaki, watau gaiwa. Masana suna kiranta Protopterus annectens, kuma Richard Owen na Ingila ne ya fara bayyana ta a rubuce a 1839.

Tarwaɗa da karfasa su ne masunta suka fi kamawa a madatsun ruwa irin na Daberam da Sabke. Ita gaiwa ta fi son fadama da tabki mai laka, irin wanda ke cika da damina ya ƙafe da rani. Tsawonta kan kai mita 1. Tana cin katantanwa da ƙwari da kwaɗi da ƙananan kifaye, har da saiwar tsiron ruwa.

Gaiwa tana da huhu. Dole ta riƙa leƙowa tana shaƙar iska, in aka hana ta sai ta mutu cikin ruwan, ko da yake kifi ce! Idan tabki ya soma janyewa sai ta tona laka ta shige, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafa ta numfashi. Haka za ta kwanta wata da watanni, naman jikinta yana narkewa yana ciyar da ita, har ruwa ya sauka. Ashe da kakanninmu suka ce gaiwa jikinta take ci, sun lura da kyau.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ba ta sa gaiwa cikin masu fuskantar ƙarewa ba, domin ta bazu daga Senegal har tafkin Chadi. Amma wannan lissafin nahiya ne. A tabki guda, abu kaɗan ya isa ya shafe ta: a cike shi a yi gini, ko a tone duk masu kwance da rani, ko a zuba maganin ƙwari don kamun kifi. Wannan na ƙarshe, a ganina, ya fi muni, gama Allah ya ba mu halittunsa amana ne, kuma dafin yakan kashe har 'ya'yan da namiji ke gadi a sheƙa, ya kuma bi kifin zuwa tukunyar miya.

'Yan aji 4 za su zana gaiwa a zango mai zuwa. Wanda garinsu ke da fadama ya tambayi dattawa yadda suke gane makwancinta a busasshiyar laka, ya rubuto mana.