Hamma da Dalilanta a Jikin Mutum da Dabba

Gabatarwa

Hamma ɗabi'a ce da mutum ba ya koyo a wurin kowa. Tun wajen mako na 11 da shigar ciki ɗan tayi yake fara yin ta, kuma ba ya rabuwa da ita har tsufa. Bahaushe yakan danganta ta da barci ko gajiya ko yunwa, yakan kuma hori yaro da ya rufe baki idan ta zo masa. Wannan darasi zai duba abin da masana kimiyya suka gano game da hamma da kuma amfanin saninsa ga malamin aji.

Yadda Hamma Take Aukuwa

Mai hamma yakan wangale baki, ya ja iska mai yawa zuwa huhu, tsokokin muƙamuƙi da na maƙogwaro su miƙe, sannan ya saki iskar. Duk wannan yakan ɗauki kimanin daƙiƙa 6. Umarnin yin ta yana fitowa ne daga wani sashe na can cikin ƙwaƙwalwa, shi ya sa take da wuyar dannewa. Karnuka da dawaki da tsuntsaye da macizai da kifaye duk suna hamma. A wurin gwaggon biri kuwa, namiji kan wangale baki ya nuna fiƙoƙinsa don razana abokin gaba.

Ra'ayoyin Masana

An daɗe ana cewa ƙarancin iskar oksijin a jini ke haddasa hamma. A shekarar 1987 Robert Provine na ƙasar Amurka ya gwada wannan magana. Ya shaƙa wa wasu ɗalibai zallar oksijin, wasu kuma iska mai yawan kabon, amma yawan hammarsu bai sauya ba. Tun daga nan wannan ra'ayi ya raunana.

Ra'ayi na biyu shi ne hamma tana sanyaya ƙwaƙwalwa. Miƙewar muƙamuƙi tana ƙara gudun jini zuwa kai, iskar da aka ja kuma tana rage zafinsa. A shekarar 2007 Andrew Gallup da Gordon Gallup sun nuna wa mutane hotunan masu hamma, sai suka ga waɗanda suka ɗora abu mai sanyi a goshi ba su yi hamma kamar waɗanda suka ɗora mai ɗumi ba. A 2016 kuma an gano cewa dabbobi masu manyan ƙwaƙwale sun fi doguwar hamma.

Ra'ayi na uku yana ganin hamma hanya ce ta farkar da jiki, domin ta fi yawa gab da barci, da bayan tashi, da lokacin da mutum ya daɗe zaune wuri ɗaya. Wannan bai saɓa wa na biyu ba, tunda ƙwaƙwalwar da ta huce ta fi natsuwa.

Yaɗuwar Hamma

Ganin mai hamma, ko jin sautinta, ko ma karanta labarinta, yana iya sa mutum ya yi. Yara ba sa ɗaukar hammar wani sai sun kai shekara 4 zuwa 5. Wani bincike da aka yi a Italiya a 2011 ya nuna ta fi yaɗuwa tsakanin 'yan uwa da aminai fiye da tsakanin baƙi. A 2008 kuma an ga karnuka suna ɗaukar hammar mutane.

Kammalawa

Ɗalibin da ya yi hamma a aji ba lallai raina malami ya yi ba, jikinsa ne yake ƙoƙarin farfaɗowa. Malamin da ya buge shi ya hukunta shi a kan abin da ba shi da iko da shi. Idan hamma ta yawaita, musamman da rana tsaka, abin da ya dace shi ne a buɗe tagogi, a sa ɗalibai su miƙe tsaye, a kuma sauya salon koyarwa. Yaron da kullum yake fama da ita kuwa, sai a tuntuɓi iyayensa game da barcinsa da lafiyarsa.

Tambayoyi

1. Wane gwaji ne ya raunana ra'ayin ƙarancin oksijin?
2. Bayyana dangantakar hamma da zafin ƙwaƙwalwa.
3. Kawo matakai uku da malami zai ɗauka idan hamma ta yawaita a ajinsa.