Niki Lauda, Direban Da Ya San Lokacin Tsayawa

Tun ina ƙarami nake sha'awar mota, kuma a da ina zaton gwanin direba shi ne wanda ba ya taka burki. Labarin wani Bature mai suna Niki Lauda ne ya canja mini wannan tunani, shi ya sa na ga ya kyautu in kawo shi ga 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

An haifi Lauda a Viyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, a shekarar 1949. Gidansu gidan attajirai ne, amma ba su yarda ya shiga tseren mota ba. Da suka hana shi kuɗi, sai ya ci bashin banki ya biya aka ba shi mota a gasar Fomula 1, wadda ita ce babbar gasar tseren motoci ta duniya. A 1974 kamfanin Ferrari na Italiya ya ɗauke shi, a 1975 kuwa ya zama zakaran duniya.

Ranar 1 ga Agusta 1976 aka shirya tsere a filin Nurburgring na ƙasar Jamus, wanda a lokacin zagayensa ɗaya ya fi kilomita 22. Lauda ya roƙi sauran direbobi a fasa, domin filin ya yi tsawon da masu agaji ba za su iya kai ɗauki da wuri ba. Aka ƙuri'a, suka rinjaye shi. A zagaye na biyu motarsa ta ƙwace, ta bugi shinge, ta kama wuta yana ciki. Direbobi huɗu ne suka tsaya, ɗayansu, Arturo Merzario, ya shiga cikin wutar ya jawo shi. Fuskarsa ta ƙone, ya rasa yawancin kunnensa na dama, hayaƙi kuma ya lalata masa huhu, har aka fid da rai da shi.

Abin mamaki, bayan mako shida sai ga shi a filin Monza na Italiya, kansa ɗaure da bandeji, ya yi tsere ya zo na huɗu. Duniya ta ce wannan shi ne namiji.

To, ga inda darasin yake. Tseren ƙarshe na shekarar an yi shi ne a Japan, Lauda yana gaba da maki uku. Ranar aka tsuge da ruwan sama, hanya ta cika da ruwa, direba ba ya ganin gabansa. Lauda ya yi zagaye biyu, sai ya tsayar da mota ya fito, domin ya ga ransa ya fi kofi daraja. Abokin hamayyarsa James Hunt na Ingila ya ci gasar da ratar maki ɗaya tak. Waɗansu suka zage shi, suka kira shi matsoraci. Amma ai idan da rai da rabo. A 1977 ya sake zama zakara, haka kuma a 1984 da motar McLaren, inda ya wuce Alain Prost da rabin maki. Ya bar tsere a 1985, ya rasu a 2019 yana da shekara 70.

Ni dai abin da na koya shi ne, mutumin da ya koma cikin mota bayan wuta ta ci shi ba zai zama matsoraci don ya ƙi tuƙi cikin ruwa ba. Duka biyun lissafi ya yi, ba zugar mutane ya bi ba. Mu matasa sau da yawa zuga ce ke kai mu ga halaka, musamman idan muka hau babur abokai suna tafa mana. Iyayenmu masu mota su ma su duba. Idan wanda gudu ne sana'arsa ya san lokacin tsayawa, ina ga mu?