Kitso da Adon Kai

Ya ku yara, in kun lura, ran jajiberin Salla babu gidan da ke cika kamar gidan makitsiya. Tun da sassafe mata da 'yan mata sukan taru, kowace da matajinta da 'yar kwalbar manta, tana jiran a zo kanta. Wata takan wuni a can har magariba ba a taɓa kanta ba, ta koma gida tana kuka. To, yarinyar da ta iya gyara kanta da hannunta ta huta da wannan wahala. Cikin wannan darasi za mu ga asalin kitso, da kayan yinsa, da yadda yarinya za ta yi wa kanta kitso mai sauƙi, ta ƙawata shi da kallabi da duwatsun ado. Yara maza ma su kasa kunne, gama tsaftar kai ta shafi kowa.

Kitso daɗaɗɗen abu ne

Kitso ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka fara tono waɗansu gumaka na yumɓu kusa da ƙauyen Nok, cikin Jihar Kaduna ta yanzu. Masana sun bincika, sun tarar an gina su tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A kan gumakan nan da yawa ana ganin gashi a gyare, an tsaga shi, an tara shi curi-curi. Wanda ya je gidan ajiye kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, zai ga irinsu da idonsa. Wannan ya nuna mana mutanen dā ma suna son ado, sun kuwa iya.

Kitso iri-iri ne. Akwai doka, wadda kakanninmu mata suka fi yi. Ita akan ɗora gashi bisa wani ɗan matashi a tsakar ka, ya yi tudu tun daga goshi har ƙeya. Akwai zane, wanda ake kitsawa kwance a jikin fatar kai, layi-layi kamar kunyoyin gona. Akwai shuku, wanda ya zo mana daga ƙasar Yarabawa, shi kuwa akan tattara dukan layukan su haɗu a tsakar ka. Akwai kalaba, wanda kowane kitso yake tsaye da gindinsa, jelarsa tana reto. Akwai kuma kitson zare, watau a naɗe gashi da baƙin zare tun daga gindi har baki. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Nijeriya, Okhai Ojeikere, ya fara ɗaukar hotunan kitson matan ƙasar nan a 1968, har ya tara wajen 1,000, don kada na baya su manta da su.

Kayan ado ma suna da nasu labari. Wurin da kuke gani a kitson matan Fulani ba a kogunanmu ake samunsa ba. Yawancinsa daga tsibiran Maldib ya fito, can cikin Tekun Indiya, kuma dā shi ne kuɗi. Sa'ad da wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, da wuri ya tarar ana ciniki a kasuwa. Haka kuma liyari, kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780, mata sukan rataya shi don ado. Yau an daina ciniki da su duka biyu, amma ba su bar ado ba.

Kayan aiki

Mai son ta yi kitso sai ta tanadi abu bakwai: mataji mai faɗin haƙora, da kibiya ta tsaga gashi, da mai, da madubi, da zare ko 'yan robobi na ɗaure baki, da kallabi marar kauri, da duwatsun ado in tana so. Man da aka saba shafawa shi ne man kaɗanya, ko man kwakwa, ko man shanu. A dā mata sukan haɗa da shuni, irin na marina, don gashi ya yi baƙi ya yi sheƙi. Kallabin da ya fi daɗin aiki shi ne mai laushi, wanda tsawonsa ya kai kamu biyu, watau wajen mita 1.

A fara da wanki

Hausawa sun ce tsafta cikon addini ce. Kada yarinya ta ɗora sabon kitso a kan dauɗa. Da fari sai ta tsefe tsohon kitso a hankali, daga baki zuwa gindi. Sa'an nan ta wanke kai da sabulu da ruwa mai ɗumi, ta ɗauraye sarai. Waɗansu mata, musamman a Barno da ƙasar Cadi, sukan jiƙa ganyen karkashi su wanke kai da ruwansa, gama yauƙinsa yana warware gashin da ya cukurkuɗe. In an gama wanki sai a goge da tawul mai tsabta, a shafa mai kaɗan, a taje tun gashin yana da ɗan laima. Ita ma tazar daga baki ake farawa, a riƙa hawa sannu sannu zuwa gindi. Wadda ta caka mataji a gindi ta fizga, gashinta za ta gani a bakin mataji.

Yadda ake kitsawa

Tushen kowane kitso kashi uku ne. Wadda ta iya sarrafa kashi uku ta kama hanyar sauran.

Ki zauna gaban madubi. Ki ɗauki kibiya ki tsaga gashinki biyu, daga tsakiyar goshi har ƙeya. Ki ɗaure gefe guda da roba don kada ya dame ki. Gefen da ya rage ki tattara shi a bayan kunne, ki raba shi kashi uku daidai wa daida: na dama, da na tsakiya, da na hagu.

Ki ɗauki na dama ki haye da shi bisa na tsakiya. Yanzu shi ya zama na tsakiya. Sa'an nan ki ɗauki na hagu ki haye da shi bisa sabon na tsakiyan. Ki koma dama, ki koma hagu, haka haka har ki kai baki, kāna ki ɗaure. Ki yi wa ɗaya gefen kamar yadda kika yi wa na fari. Ran farko hannuwanki za su gaji, kitson kuma ya karkace. Kada wannan ya karya miki zuciya, sannu ba ta hana zuwa. In kina so hannunki ya faɗa da wuri, ki ɗaura igiya uku a jikin ƙafar kujera ki riƙa gwadawa.

Kitso da kallabi a ciki

In hannu ya saba, sai a shigo da kallabi. Ki shimfiɗa shi, ki ninka shi a tsaye, ki sake ninkawa, har faɗinsa ya zama kamar yatsa biyu. Ki tattara gashinki duka a ƙeya ki ɗaure da roba. Ki sa tsakiyar kallabin a ƙarƙashin ɗaurin, ki zagayo da shi ki ƙulla sau ɗaya a sama. Yanzu bakin kallabi biyu suna reto, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, tsawonsu ɗaya.

Ki raba gashin kashi uku. Ki haɗa bakin kallabi na dama da kashin dama, na hagu kuma da kashin hagu, ki bar na tsakiya gashi zalla. Sai ki kitsa kamar yadda kika koya. Za ki ga launin kallabin yana ɓullowa yana ɓacewa tsakanin baƙin gashi, gwanin kyau. In gashi ya ƙare, ki naɗe bakinsa da sauran kallabin, ki ƙulla sau biyu.

Wannan dabara tana da amfani ga yarinya mai gajeren gashi, domin kallabin yana ƙara wa kitso kauri da tsawo. In gashin bai kai a raba shi uku ba, sai a mai da shi duka kashi ɗaya na tsakiya, bakin kallabi biyu su zama na dama da na hagu. In jelar ta yi tsawo ana iya naɗe ta a ƙeya kamar gammo, a cusa bakinta a ƙarƙashi.

Sa duwatsun ado

Duwatsu sun fi zama a kan kalaba, don jelarsa siririya ce. Ki sami zare mai ƙarfi ki ninka shi biyu, wajen ninkin ya zama kamar zarge. Ki zura duwatsu uku ko huɗu a jikin zaren. Ki sa bakin kitso cikin zargen, sa'an nan ki turo duwatsun daga kan zare zuwa kan kitso, kina jan zaren har bakin kitson ya fito ta cikinsu. Ki lanƙwasa bakin kitson bisa dutse na ƙarshe, ki ɗaure da roba a samansa don kada su zube.

Kada ki cika wa kitso duwatsu, gama nauyinsu yana jan gashi. Kada kuma ki bar su a ƙasa inda ƙanenki mai rarrafe zai tsinta. Jariri yakan jefa dutse a baki ya shaƙe shi, ko ya cusa a hanci ko a kunne, har sai an kai shi asibiti.

Kada a ja kitso

Ga wani abu da ya kamata kowace yarinya ta riƙe da kyau. Waɗansu suna tsammani kitso ba ya kyau sai an ja shi tamau, har mai shi ta kasa sunkuyawa. Wannan kuskure ne babba.

A kan mutum akwai gashi wajen sili 100,000. Kowane sili yana da saiwarsa cikin fata, kamar yadda gero ke da tasa cikin ƙasa. Tsiron da gashi ke yi a wata guda bai wuce kamar santimita 1 ba. Kullum kuwa sili 50 zuwa 100 sukan zube don kansu, waɗansu su tsiro a madadinsu, wannan ba ciwo ba ne. Amma in ana yawan jan gashi da ƙarfi, saiwar takan wahala. Da fari gashin gaban goshi da na wajen kunne ya fara karyewa. In aka daina ja tun da wuri, sai ya komo. In kuwa aka yi shekaru ana ja, saiwar ta mutu, wurin ya zama sanƙo, ba kuwa man da zai sāke tsirar da shi.

Saboda haka, in ana yi miki kitso kika ji zafi, ki faɗa da ladabi: "Inna, don Allah a sassauta mini." In kika ga ƙananan ƙuraje a gindin kitso, ko ciwon kai ya hana ki barci, ki tsefe shi, ko da jiya aka yi. Kada kuma ki riƙa yin iri ɗaya kullum a kan tsaga ɗaya. In kin tsefe, ki bar kai ya huta kwana ɗaya ko biyu.

Ƙwarƙwata da makero

In mutum ya yi aiki ya bar ɓarna a ɓoye cikinsa, Hausawa sukan ce ya yi kitso da ƙwarƙwata. Ƙwarƙwata 'yar ƙwaro ce mai shan jini. Ba ta tashi sama, ba ta tsalle, rarrafe take yi daga wani kai zuwa wani in an haɗa kai. Takan manna ƙwanta a gindin gashi, cikin kamar mako guda su ƙyanƙyashe. Makero kuwa ciwon fatar kai ne mai cinye gashi, ya bar wuri fari-fari a kewaye. Ana ɗaukarsa ta wurin mataji, da aska, da hula, da ɗankwali. Don haka kowa ya riƙe nasa, kada a yi aro. Yaro ko yarinyar da ta ga alamar ɗayansu ta gaya wa iyayenta a nemi magani a asibiti. Abokan karatunta kuma kada su yi mata dariya, gama abin yana iya samun kowa.

Kiyaye kitso

Da dare ki ɗaura kallabi mai santsi kafin ki kwanta, don kada matashi ya goge kitson ya tashi. Kada ki ɗaure kai gashi yana jiƙe, sai ya yi wari. Ki riƙa shafa mai kaɗan a tsagar bayan kwana biyu ko uku. Ki riƙa wanke ɗankwalinki kamar yadda kike wanke rigarki. Kada kitso ya daɗe ƙwarai a kai ba a tsefe an wanke ba.

Yarinyar da ta kiyaye waɗannan za ta fita tsaf kowace safiya, kuɗin kitso kuma su zauna a hannun uwarta. Za ta gyara wa ƙannenta, ta taimaki kakarta wadda hannunta ya yi rauni. In ta ƙware, ta sami sana'ar da za ta rufa mata asiri duk garin da ta sauka.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara tono gumakan Nok, me kuma suka nuna mana game da kitso?
2. Faɗi irin kitso huɗu, ka bayyana ɗaya daga cikinsu.
3. Daga ina wuri ya fito, mene ne amfaninsa a dā?
4. Don me ake fara taje gashi daga baki?
5. Me ke samun gashin da ake yawan ja da ƙarfi?
6. Mece ce ma'anar "kitso da ƙwarƙwata"?

Aikin yi

Kowa ya zo da igiya uku masu launi dabam-dabam, ya kitsa su a aji, ya nuna wa malam. Sa'an nan ku tambayi kakanninku mata sunayen kitson da ake yi a zamanin ƙuruciyarsu, ku rubuto su cikin littattafanku.